Baba Isiyaku da Randar Kwaɗi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni. Ina tsaye a ɗakin gwaji na sashenmu, riƙe da fitilar kananzir, ina turara takarda da hayaƙi domin darasin ɗalibai 'yan aji biyu, sai Mista Dung ya shigo. Shi ne ma'aikacin da ya fi daɗewa a ƙarƙashin marigayin. Bai gaishe ni ba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Madam, Baba ya tafi fa," in ji shi. "Yanzu-yanzu matan shi ya kira ni a waya. Bayan azahar za a yi jana'iza a Abatuwa."

Ban san lokacin da gefen takardar ya kama wuta ba, sai da Mista Dung ya fizge ta ya taka. Allah Ya yafe mini, abin da ya fara faɗo mini a rai ba addu'a ba ce. Wata magana ce da na riƙe shekara huɗu ina cewa gobe zan faɗa masa. Na yi wa wannan bawan Allah laifi biyu, ban nemi gafararsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. An roƙe ni in rubuta wani abu a kansa a madadin ɗalibansa, na ga ba zan iya yabonsa in tsallake wannan ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Isiyaku, wanda kowa ke kira Baba, shi ne shugaban ma'aikatan ɗakin gwaji a sashen da muke koyar da yadda jikin mai rai ke aiki. Ya yi kusan shekara talatin a wurin kafin ya yi ritaya. Ba dokta ba ne, ba farfesa ba ne, amma da wuya ka sami likita ko malamin kimiyya da ya yi karatu a nan Jos a zamaninsa wanda Baba bai kama masa hannu ya nuna masa yadda ake riƙe almakashi ba. A unguwar Abatuwa aka haife shi. Mahaifinsa mahauci ne, kakansa ma fawa ce ta kawo shi garin nan tun zamanin haƙar kuza, yana sayar wa leburori nama. Baba ya riƙe wuƙa kafin ya riƙe fensir, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Idan sabon malami ya yi mamakin tsabtar aikinsa, sai ya yi dariya ya ce, "Gado ne, ranka ya daɗe. Bambancin kawai, nawa san ba ya cika cokali."

San nasa kuwa kwaɗo ne. Da tsokar sharaɓar kwaɗo muke koya wa ɗalibai yadda tsoka ke tsukewa. Ana cire ta tare da jijiyarta, a ɗaure ta da zare a jikin wani siririn tsinke, bakin tsinken kuma yana taɓa wata ganga mai juyawa a hankali, wadda aka naɗe da takardar da aka baƙanta da hayaƙi. Idan aka ɗan taɓa jijiyar da lantarki, tsokar ta harba, tsinken ya zana farin layi a kan baƙar takardar. Tsawon layin shi ne ƙarfin tsokar. In an gama, a rubuta sunan mai aikin a gefe da kan allura, sannan a tsoma takardar cikin ruwan da kafintoci ke shafa wa katako ya yi sheƙi. Daga nan zanen ya zauna ke nan, ba ya goguwa. Ɗalibi zai yi rabin sa'a yana fama da ƙafa ɗaya, ya tsinke jijiya, ya yi gumi. Baba zai zo ya gama a cikin minti uku yana hira. Ya kan ce, "Tsoka ba ta san digiri ba, hannu ta sani."

Yana da wata al'ada da muka daɗe muna yi wa dariya. Kwaɗin daga kududdufan tsohuwar haƙar kuza da ke wajen Kuru ake kawo su, wani makiyayi ne, Malam Buba, ke kama mana. Idan sun iso, Baba ba ya bari a taɓa su. Akwai wata tsohuwar randa a kusurwar ɗakin, ƙarƙashin famfo, inda rana ba ta kaiwa. A ciki yake zuba su, da ɗan ruwa a ƙasa, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, sai sun kwana biyu. Ranar aiki, shi da kansa zai sa hannu a hankali ya ɗauko ɗaya, ya mayar da tsumman, ya juya wa randar baya, ya yi bismillah, sannan ya soke shi da allura a ƙeya sau ɗaya tak, yadda ba zai ji komai ba bayan haka. Mun sa wa randar suna masaukin baƙi. Wani ɗalibi ya taɓa tambayarsa ko kwaɗin suna biyan kuɗin ɗaki. Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Rai rai ne, ɗana, ko na kwaɗo. Mun ɗauki nasa don mu yi ilimi, kada mu haɗa masa da wulaƙanci."

Ni 'yar Gada Biyu ce, mahaifina tela ne, shi ya sa Baba ke kirana 'yar tela tun ina aji biyu, musamman idan na ɗaura zare ya yi kyau. Na dawo sashen domin digiri na biyu, da aure, da ƙaramin ciki, da baki mai kaifi wanda mahaifiyata ta gaji da yi wa faɗa. Aikin da aka ba ni shi ne in auna abin da adirinalin ke yi wa tsokar kwaɗo. Adirinalin shi ne sinadarin da jiki ke zubawa cikin jini idan an firgita ko an fusata. Kowane zaren tsoka yana da siririyar fata, a jikinta akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan saƙo ya zo ta jijiya, wasu ƙofofin su buɗe, sodiyam ya kwarara ciki, wannan ya sa kalsiyam da ke ajiye a rumbun cikin zaren ya fito, shi ne kuma ke sa zaren ya tsuke. Adirinalin ba ya shiga cikin zaren. Yana da mazauninsa a jikin fatar, a nan yake zama, daga nan a aika saƙo ciki, ƙofofin kalsiyam su ƙara buɗewa, tsokar ta ƙara ƙarfi. Nawa shi ne in ɗiga maganin a ruwan gishirin da tsokar ke ciki, in ga layin da ke kan ganga ya ƙara tsawo, in auna.

Ranar da na gama zuba wa Baba wannan bayani da Turancin da nake taƙama da shi, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Na gane. Baƙo ne da ba ya shiga gida. A zaure yake sallama, amma duk mutanen gida sai sun tashi tsaye." Har yau da wannan misalin nake koyar da darasin.

Sai aka shiga dogon yajin aiki, watanni suka tafi a banza. Da aka dawo, aka ce duk wanda bai miƙa aikinsa kafin ƙarshen zango ba, sai wata shekara. Ni kuwa cikina ya tsufa, na san in na haihu ban gama ba, Allah kaɗai Ya san ranar da zan dawo. Na duba na ga kwana biyun da kwaɗi ke yi a randa ɓata lokaci ne. Na yi magana da wani ɗan acaɓa, yana zuwa Kuru da sassafe ya karɓo su a buhu, ya ɗaure a bayan babur, ya sha ramuka da su har cikin gari. Da isowarsu nake kwance buhun a kan tebur, suna tsalle ina cafkewa, in yi aikina. Baba ya gani. Ya ce, "'Yar tela, ki bari su huta." Na ce to, ban bari ba.

Sakamako ya fara zuwa a birkice. A wasu tsokokin, ina ɗiga maganin layi zai miƙe sama yadda littafi ya ce. A wasu kuma, kamar ruwan famfo na zuba, layin ko gezau. Na ce maganin ne ya lalace. Baba ya ɗauko kwalbar, mai ruwan ƙasa wadda yake ɓoyewa daga haske, ya ɗiga a farin faranti ya nuna mini. Adirinalin idan ya lalace ja-ja yake komawa, wannan kuwa fari ne tas. Na ce to na'urar ce. Ya kwance ta ya ɗaura a gabana, lafiyarta ƙalau.

Nan ne Shaiɗan ya raɗa mini wata dabara. Na ware takardun da suka yi kyau gefe guda, marasa kyaun kuma, tun ba a tsoma su a ruwan sheƙi ba, na tattara zan goge da tsumma. Shafa ɗaya ta isa, babu wanda zai san an taɓa yin su. Baba ya dafa takardun da hannunsa. Ɗalibai kusan goma suna wurin.

"Kada ki goge," in ji shi. "Ganga ba ta ƙarya, sai dai mai karanta ta. Waɗannan da ba su motsa ba, duk na buhu ne. Waɗanda suka motsa, ragowar na randa ne da kika haɗa da su. Na lura tun makon jiya."

Na ce, "To sai me, Baba?"

Ya ce, "Mahaifina ba ya yanka san da aka koro da gudu daga kara, kasuwar shanu. Sai ya ɗaure shi a inuwa, ya ba shi ruwa, ya kwana. Ba ya wasa wuƙa a gabansa, ba ya yanka wani yana kallo. Ya ce naman dabbar da ta mutu a tsorace daban yake, baƙi, ga tauri, ba ya jimawa. Kwaɗon da ya sha buhu da babur daga Kuru, abin nan da kike ɗiga masa ai jikinsa ya riga ya cika da shi. Kina sallama ne a zauren da aka yini ana buga wa ƙofa. Mutanen gidan sun gaji da tashi."

Gaskiya ce tsagwaronta, kuma daga baya na same ta a littattafai: mazaunin adirinalin idan ya daɗe a jiƙe da shi yana daina amsawa. Amma a ranar ban ji gaskiya ba. Abin da na ji shi ne an kama ni ina shirin maguɗi a gaban yaran da nake taya koyarwa. Kunya ta juye ta zama fushi, na buɗe baki na ce, "Baba, nan jami'a ce fa, ba mayanka ba."

Mista Dung ya sunkuyar da kai. Baba ya ɗauke hannunsa daga kan takardun a hankali, ya ce, "Haka ne, Malama." Bai taɓa kirana Malama ba sai ranar. Wannan shi ne laifina na farko.

Ban goge takardun ba, domin idanu sun yi yawa. Na koma gida na kasa cin abinci. Ranar Litinin da na shigo, na tarar da randa cike, an rufe ta da sabon tsumma. Mista Dung ne ya gaya mini Baba ya shiga mota ranar Asabar ya je Kuru da kansa, ya ɗauko kwaɗin a bokiti da ruwa da ganye, ya rungume bokitin a cinyarsa har Jos. Takarduna marasa kyau kuma an tsoma su a ruwan sheƙi, an shanya, kowace an rubuta mata a gefe da kan allura: na buhu. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Na raba aikin gida biyu, na randa daban, na buhu daban. A cikin mako uku bambancin ya fito fili, ko makaho ya shafa zai ji. Abin da na so in goge shi ya zama zuciyar littafina gaba ɗaya.

Ranar kare aikin, wani farfesa da aka gayyato daga wata jami'a ya ɗaga takardun biyu yana dubawa. Ya ce wannan tunani ne mai kyau, ya tambaye ni yadda aka yi na gano cewa halin da dabbar ke ciki kafin gwaji shi ne ke canza sakamako. Baba yana bayan ɗakin, shi ke canza hotuna a na'urar haska bango. Na ga farar hularsa ta gefen idona. Kalma biyar sun isa: Baba Isiyaku ne ya nuna. Amma na ji tsoron a ce aikin ba nawa ba ne, na ji tsoron a tono yadda maganar ta faro. Na ce, "Na lura ne a hankali, ranka ya daɗe." A shafin godiya kuma na rubuta sunan mijina, da iyayena, da malamin da ya duba aikin, sannan na ce ina gode wa ma'aikatan ɗakin gwaji, haka a dunƙule. Wannan shi ne na biyu, kuma ya fi na farko muni, domin na farko a cikin fushi na yi shi, wannan kuwa da hankalina.

Da ya canza mini fuska, da na sami sauƙi. Bai canza ba. Ya koma kirana 'yar tela. Da na haihu, ya aiko matarsa da ƙafar saniya da kayan ciki daga wurin 'yan'uwansa, wai mai jego ta sha romo. Da aka ɗauke ni aikin koyarwa a sashen, shi ya fara zuwa ofishina ya yi mini addu'a. Da zai yi ritaya, ya kira ni gaban randar ya ce, "Ga amana. Tana yoyo ta gindi, a riƙa sa mata faranti." Sau uku ina zuwa gaishe shi a Abatuwa bayan ciwo ya kwantar da shi, kowane zuwa da maganar a bakina. In na zauna sai ya hau tambayata ɗalibai, da Malam Buba, da ko har yanzu Dung na tsinke jijiya. Mu yi dariya, a kira sallah, in tashi in ce sai wani zuwan.

Ranar sadakar uku na je gidan. Bayan na fito daga wurin mata, na durƙusa a zaure in yi wa yayansa ta'aziyya, Alhaji Ɗanlami, tsohon mahauci da ya haura tamanin. Da aka gaya masa ko ni wace ce, sai fuskarsa ta washe. Ya juya ga dattawan da ke zaune ya ce, "Ita ce 'yar telan nan! Ita ce ta sa maganar tsohonmu a littafin jami'a." Ya ce Baba ya kawo littafina gida, ya zauna a nan zauren ya fassara musu, ya ce yau ga shi boko ya tabbatar da abin da mahauta suka sani tun kaka da kakanni. Dattawan suka shiga sa mini albarka.

Ban iya ɗauka ba. Na ce, "Alhaji, ku daina. Ba ni na gano ba, shi ne. Na ci masa mutunci a gaban ɗalibai da sana'arku, sannan na karɓi yabon, ko sunansa ban sa a littafin ba. Na zo sau uku in roƙe shi gafara na kasa." Ina faɗa ina kuka, ban damu da wanda ke kallo ba.

Tsohon ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "Ya sani, 'yata. Ya karanta littafin nan daga bango zuwa bango. Ni da kaina na tambaye shi, na ce Isiyaku, ina sunanka a ciki? Ya ce mini, Yaya, yarinyar nan a lokacin a tsorace take, ga ciki, ga wa'adi ya matso. Ni kuwa aikina ya koya mini ba a auna mai rai yana cikin tsoro. A bar ta ta huta, za ta faɗa da kanta." Ya dube ni ya ce, "To ga shi kin faɗa."

Na faɗa, amma wanda ya kamata ya ji yana ƙarƙashin ƙasa. Wannan zai zauna mini har tawa ta zo, kuma ba na neman kowa ya rarrashe ni a kansa. Abin da ya rage a hannuna kaɗan ne, na kuwa yi shi. Na rubuta wa sashe takarda cewa a liƙa gyara a shafin farko na kowane kwafin littafina. Jiya kuma, a darasin 'yan aji biyu, na tsayar da su a gaban randa na ba su labarin nan duka, har da abin da na ce. Da muka gama gwajin, na ɗauki allura na rubuta a gefen baƙar takardar, inda ake sa sunan mai aiki: Isiyaku, ɗan mahauci, Abatuwa. Mista Dung ne ya tsoma ta a ruwan sheƙi da hannunsa.

Ya Allah, ga bawanKa Isiyaku ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka sa haƙurin da ya yi da mu ya zama haske a kabarinsa. Ya tausaya wa halittarKa da mutane ke ƙyama, bai bari ta mutu a firgice ba. Ya Allah, Ka amintar da shi daga firgicin kabari da na ranar tsayuwa. Ka ba matarsa Inna Asabe haƙurin rashin abokin zamanta, Ka raya 'ya'yansa da jikokinsa a kan halinsa, Ka ƙarfafi Alhaji Ɗanlami da ya binne ƙaninsa. Mu da ya kama wa hannu, Ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun mai ita yana raye. Ni kuma, Ya Rabbi, Ka isar masa da abin da na kasa faɗa masa a zaurensa. Amin.